Garaje a Bakin Baffa

Ranar Talata da hantsi Allah Ya karɓi ran Baffa, ƙanen mahaifinmu, wanda ya riƙe ni da Yayana tun muna ƙanana bayan rasuwar Babanmu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kwana huɗu kawai ya yi a kwance. Ina shagona na gyaran injin ban ruwa a Kumbotso aka kira ni, na bar injin wani a buɗe, na haye babur ko hula ban ɗauka ba. Ko da na isa ƙauyenmu, can bayan Kura, har an yi masa sutura ana daidaita sahu.

Ban taɓa ganin ƙofar gidanmu ta cika haka ba. Manoman rani sun zo da laka a ƙafafunsu, don a cikin gona labarin ya same su. Matan da ke turara shinkafa sun bar tukwanensu a kan wuta sun shige cikin gida da kuka. Maƙwabcinsa na gona, wani dattijo daga gidajen Maguzawan da suka shiga coci, ya tsaya a gefe da hularsa a hannu har aka idar da salla, sannan ya bi mu maƙabarta a ƙafa duk da ciwon gwiwar da yake fama da shi. Liman ya ce yawancin rigimar da ya kamata ta zo zaurensa a bakin kanal, babbar hanyar ruwan noman rani, take mutuwa, don Baffa ya riga shi jin ta. Da muka dawo aka zazzauna, wani direba da ke kai kwandunan tumatir kudu, ƙato mai muryar da ake ji daga bakin titi, ya ce, "To, yanzu kuma wa zai riƙa ce mana mun yi garaje?" Mutane suka yi dariya. Shi kuwa ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa na rawa.

Ni ina wannan ƙarshen tabarma, Yaya yana wancan ƙarshen. Rani uku ke nan ko sallama ba ta haɗa mu ba. Mai gaisuwa sai ya durƙusa gabansa ya yi masa, ya taso ya zagayo ya yi mini, sai ka ce gida biyu aka yi wa rasuwa. Kowa ya san dalili. Abin da Baffa ya fi so ya gani kafin ya bar duniya shi ne mu biyun nan muna magana, kuma ni ne ban bari ya gani ba. Ina faɗin haka tun daga farko don kada mai karatu ya ɗauka wani ɗan kirki ne ke yabon ubansa. Mai laifi ne ke rubutu, kuma ina so a san irin mutumin da muka rasa kafin masu saninsa su ƙare.

Baffa gajere ne siriri, tafiyarsa a hankali kamar mai tsoron taka wani abu. In ka yi masa tambaya, ko ta ina kwana ce, sai ya cire hula, ya leƙa cikinta, ya mayar, sannan ya amsa. Muna yara mukan ce amsoshin nasa a cikin hular yake ajiye su. In ya shiga gona ba ya fara taɓa fartanya. Sai ya zagaya fangali, wato ɗakunan da ake yi wa shuka don su riƙe ruwa, ɗaya bayan ɗaya, yana dannawa da babban yatsan ƙafa ya ji inda ƙasa ta sha da inda ba ta sha ba. Ni wannan zagayen yakan ci mini rai. Wallahi sau da yawa nakan ji kamar in ɗauke shi cak in dire shi a inda aikin yake.

Kalmar garaje ba shi ya ƙago ta ba, kowane Bahaushe ya san ta, amma a yankinmu ta zama tasa. Wata rana da yamma manoma suna zaune a gindin mangwaron bakin kanal, wani ya ce ai gaggawa da garaje da azarɓaɓi da ganganci duk abu ɗaya ne, Bahaushe ne kawai da yawan baki. Baffa ya cire hula ya mayar, ya ce a'a, kowanne da gidansa. Gaggawa a ƙafa take, kuma wani lokacin ita ce daidai. In dashenka ya fara langaɓewa aka ce ga ruwa ya zo, ka ruga, babu mai ganin laifinka. Azarɓaɓi shi ne na mutumin da ake tambayar wani shi yana amsawa, ko mai zuwa gidan biki tun ba a ɗora tukunya ba, abin dariya ne, ba ya cika cutar da kowa. Ganganci kuwa ka ga haɗarin da idonka ka shiga, kamar masu faɗawa babban kanal wanka ranar da aka sako ruwa da ƙarfi.

Garaje shi ne hannunka ko bakinka ya riga idonka isa wurin. Ka ga rabin abu, ka yanke hukuncin dukansa. Ya ba su misali da manomin da ya ga ganyen tumatirinsa ya yi ɗorawa, ya ruga ya sayo magani ya fesa, alhali da ya tona gindin da yatsa da ya ga ruwa ne ya yi wa saiwar yawa. Abin da ya ƙara da shi ne ya zauna mini a rai, duk da cewa a lokacin ban yi aiki da shi ba.

"Abin da ya sa yake da wuyar bari," in ji shi, "daɗi gare shi. Lokacin da kake yin sa, ji kake duk duniya babu mai gaskiya sai kai."

Yana kuma da ƙa'idarsa wajen amfani da kalmar, kuma a kaina aka kafa ta. Ina ɗan shekara goma sha wani abu Gwaggo, ƙanwarsu Baffa, ta kira ni ta ce in je bayan gida inda take renon irin albasa, in cire mata... Ban tsaya jin sauran ba, na zura da gudu. Wanda ya san irin albasa yana ƙarami ya san da shi da ciyawa sai an sunkuya an duba. Kafin ta ɗaura mayafi ta biyo ni na share wurin tas, na tara mata irin a gefe ina jiran yabo. Tun daga ranar ta raɗa mini suna Garaje, gida duk ya ɗauka, har yaran maƙwabta. Baffa ya ce bai yarda ba. Gwaggo kuwa bakinta ba ya gajiya, ta ce shi ke ɓata ni, ta ce ai ƙarya ba ta yi mini ba, albasarta ce shaida. Suka yi mako guda ba sa shiri, har dambun da take aiko masa ya riƙa mayarwa, shi da ba ya wasa da dambu. A ƙarshe ya same ta a tsakar gida, ina laɓe a bayan rumbu ina ji.

"Ki ce ya yi garaje, ni ma zan taya ki faɗa. Abin da mutum ya yi yana iya bari. Amma in kika sa masa shi suna, duk inda aka kira sai ya amsa."

Gwaggo ta yi tsaki ta ce ta ji. A gabansa ta daina, a bayan idonsa kuwa har gobe in ta so tsokanata da shi take kira na. Shi dai ban taɓa jin ya ce wa wani mai garaje ba. Ka yi garaje, kin yi garaje, mun yi garaje, iyakarsa ke nan, kuma a hankali yake faɗa, yadda na kusa da kai ma ba zai ji ba.

Da sunan ya bi ni da bai bi ni ba, halin dai ya bi ni har girma. Gonar da Babanmu ya bari an raba mana ita biyu. Ta Yaya tana sama kusa da kanal, tawa tana ƙasa, ta Baffa tana gefenmu. Ruwa ta wata 'yar hanya yake gangarowa, ya wuce gefen gonar Yaya, ya bi ta cikin kwalbatin da ke ƙarƙashin hanyar amalanke, sannan ya iso ni. Kowa da ranar ruwansa. A ranin da abin ya faru, ranar ruwana na zo da safe na tarar da hanyar ƙayau, sai danshin laka, tumatirina kuwa ya sunkuyar da kai. Na ɗaga ido sama, sai ga fangalin Yaya cike da ruwa suna sheƙi.

Kai, jama'a! Ban san lokacin da na isa can ba. Na ɗaga fartanya na sare kunyar da ta tare ruwan, wai in tura shi ƙasa. Ruwan bai bi inda na so ba. Ya kwarara cikin wurin da Yaya yake renon irin tumatirinsa, iri mai mako biyu da fitowa, ya share shi ina kallo. Yaya ya taho da gudu daga ɗaya gefen, wandonsa a naɗe. Ga ma'aikata masu dashe, ga maƙwabta, duk sun miƙe tsaye. A gabansu na kira shi ɓarawon ruwa. Na ce tun da Babanmu ya rasu yake cin haƙƙina, yau ce dai na kama shi. Bai zage ni ba, bai ɗaga hannu ba. Ya dube ni ya ce, "Ni?" Sau ɗaya ya faɗa.

Baffa ya iso da tafiyar nan tasa. Ya bi hanyar ruwan yana dubawa har bakin kwalbati, ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya shiga. Tsoho ne fa, ruwan kuma da sanyi. Ya cusa hannu har kafaɗa ya dinga jawo kacala, ciyawar nan mai toshe hanyoyin ruwa, daga baya ya zaro wani tsohon buhun taki da ya naɗe a ciki. Nan take ruwa ya wuce zuwa gonata da gudu. Ashe toshewa kwalbatin ya yi, ruwan ya koma baya ya cika gonar Yaya, shi kuma tun da sassafe yake fama ya fitar da shi kada ya kashe masa shuka. Baffa ya fito ya miƙa mini buhun yana ɗiga, ya matso daf da kunnena.

"Auta, ka yi garaje. Ga shi can tsaye bai tafi ba. Je ka yanzu."

Ban je ba. Kunya ce ta riƙe ni, ga idanun mutane. Na ce a raina bari a watse, da yamma zan same shi a gida. Da yamma ta yi na ce gobe. Gobe ta fi jiya nauyi, jibi ya fi gobe. Muka fara kauce wa juna a masallaci. Yaya ya rasa dashen farko na shekarar gaba ɗaya, ina ganinsa yana bin mutane neman ragowar iri, kuma duk ganin da na yi masa sai ƙafata ta ƙara nauyi. Wata bai cika ba na bar wa Baffa gonata ya riƙa nomawa, na kwashi iyalina na koma Kumbotso, na ce wa mutane sana'a ce ta kira ni. Ƙarya nake yi, gudu na yi.

Baffa ba ya son mota, warin mai yana tayar masa da zuciya, amma sau uku yana shiga ta ya zo har shagona. Zuwan farko da na biyu ko sunan maganar bai kama ba. Ya kawo albasa a buhu, ya zauna a kan benci yana kallon yadda nake kwance inji, ya ba ni labarin tsuntsayen jan-baki da suka addabi masu shinkafa, ya yaba miyar matata, ya koma. Na san abin da ya kawo shi, shi ma ya san na sani. Zuwa na uku, a farkon ranin bana, bayan ya gama shuka alkamarsa, sai ya tambaye ni, ni da ba na iya jiran tuwo ya huce, me nake jira har rani uku. Na gyara zama na yi masa bayani irin na masu hankali. Na ce ina jiran Yaya ya huce ne, ina neman lokacin da ya dace, ba na so in sake yin garaje. Baffa ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da na ba shi ruwa.

"Kada ka ɓuya a bayan kalmata, Auta. Ranar ɓatawa ba ka nemi lokacin da ya dace ba. Girman kai ne ke damunka, ka kira shi da sunansa."

Na ji zafin maganar, don gaskiya ce. Na ce masa to, in an yanke alkama zan zo, mu zauna mu uku. Ya ce Allah Ya kai mu. Na raka shi tasha, na riƙe masa hannu ya hau mota. Alkamar ta fara fitar da kai ke nan ya kwanta ciwo, kuma ko a kwanakin nan huɗu na ce ai zazzaɓi ne, ranar Juma'a zan leƙa.

Kwana na biyu na zaman makoki, da hantsi, wani dattijon Bafillace ya iso daga rugarsu ta wajen Bunkure, dogo, da sandarsa, a ƙafa ya zo. Tun muna yara mun san shi a matsayin aminin Baffa. Shi ke kawo mana nono, shanunsa ke cin karan gonar Baffa bayan girbi, su bar masa taki. Yana da wani tabo da ya taso daga goshi ya shige cikin gashi, mu duk mun ɗauka ƙahon sa ne. Ya yi gaisuwa, ya yi addu'a. Sannan ya ture rawaninsa baya, ya ɗora yatsa a kan tabon, ya ce yau zai faɗi abin da marigayi ya sha roƙonsa ya faɗa shi kuma yana ƙi. Ya ce wannan aikin hannun Baffa ne.

Ya ce lokacin suna samari, ruwan kanal bai daɗe da zuwa yankin ba, yana wucewa sai ya ga shanun wasu baƙi sun faɗa alkamar wani manomi. Ba nasa ba ne, bai ma san mai gonar ba, amma ya shiga da sandarsa yana kora su waje. Mai gonar ya iso, ya ga Bafillace da sanda, ya ga shanu a cikin alkama, bai tambayi komai ba ya sauke masa ƙotar fartanya a ka. Mutane suka ɗauke shi jina-jina suka kai shi ruga. Can masu gonakin kusa suka gaya wa Baffa abin da ya faru tun daga farko. A rugar kuwa 'yan'uwansa matasa har sun fara ɗauko sanduna.

"Kafin jinin ya bushe ya iso," in ji dattijon. "Shi kaɗai, ko tsinke babu a hannunsa. Ya zauna a ƙasa gaban mahaifina ya cire hula, ya ce shi ne, a yi masa duk abin da aka ga dama. Da ya bari ya kwana, da ni da ku ba mu zauna a tabarma ɗaya yau ba."

Ya ce Baffa ya yi ta zuwa kullum har raunin ya warke, daga nan kuma zuwan bai tsaya ba. Ya share ido da gefen rawani ya ce bai taɓa yin aboki kamarsa ba, a Fulani ko a Hausawa.

Na tashi na shiga cikin gida wurin Gwaggo, na tambaye ta ko gaskiya ne. Idonta a kumbure, amma sai da ta harare ni. Ta ce duk rawar kaina ban kama ƙafar Baffa ba a ƙuruciyarsa, shi ne wanda ake ɓoye wa labari a gidan don kada ya tashi da sanda. Ta ce cire hular nan ma bayan abin Bafillacen ya koya wa kansa, don bakinsa ya sami abin jira. Allah sarki! Shekara da shekaru ina ganinsa ina cewa shi haka Allah Ya yi shi da sanyi, ni kuma haka Ya yi ni da wuta, kowa da rabonsa. Ashe irina ne, kullum yana riƙe da kansa da hannu biyu. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Amma a ƙarƙashin kunyar na ji wani sauƙi, don in har wancan saurayin mai ƙotar fartanya ya zama Baffan da muka binne, to ni ma ba a gama da ni ba.

Ranar uku, bayan an yi addu'a an raba waina, maƙwabcin nan nasa na gona ya matso ya ce a yi masa haƙuri da kawo maganar gona a irin wannan wuri, amma yau ce ranar ruwan marigayi. Alkamar tana fitar da kai, in ta rasa wannan ruwan ƙwayar ba za ta cika ba. Ya ce da gwiwarsa za ta bari da ya yi da kansa. Na miƙe na ɗauki fartanyar Baffa a zaure na kama hanya. Ban waiwaya ba, amma ina jin takun mutum a bayana, kuma na san takun.

Ban ruwan gonar Baffa aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana bakin hanya yana sa tiyo yana jawo ruwa, ɗaya yana ciki yana buɗe fangali yana rufewa. Yaya ya tsuguna wurin tiyo, ni na shiga ciki. Muka yi fangali huɗu. Tun jiya nake shirya jawabi mai tsawo, da dalilai, da yadda abin ya faru, da yadda ni ma na ji. Da na zo daf da shi duk ya zube. Na ce, "Yaya, ni na yi maka laifi. Na kira ka ɓarawo, kuma ba ka taɓa ɗaukar komai nawa ba. Ka yafe mini."

Bai ɗago ba. Ya gyara bakin tiyo. Ya ce iri ai ya sake shuka wani, wannan ya wuce tun tuni. Kalmar ce ta ƙi fita. Ya ce rani uku duk sanda ya zo buɗe ruwa sai ya ji kamar ana kallon hannunsa.

"A gaban mutane ka faɗe ta," in ji shi.

Na ce a gaban mutane zan janye ta, kuma yau. Bayan la'asar, ƙofar gida cike, ga Liman, ga direban nan, ga wasu daga cikin waɗanda suka ji ni a wancan ranin, na miƙe tsaye. Na ce abin da na faɗa a kan Yayana ƙarya ne, ni na yi garaje, kuma na ƙara da abin da ya fi shi muni, na ƙi komawa. Na zagaya tabarmar na durƙusa a gabansa. Ya kama hannuna ya zaunar da ni kusa da shi. Liman ya ɗaga hannu aka shafa, mai gaisuwar da ya zo bayan nan a wuri ɗaya ya durƙusa.

Da jama'a suka ragu Yaya ya ce in zo. Ya ja ni har sashensa, inda rabona da shiga tun kafin rigimar. Matarsa ta gaishe ni tana goge ido, ta miƙo masa wani yaro da bai daɗe da fara tafiya ba. Na ji labarin haihuwarsa a waya lokacin da aka yi, ban zo suna ba, ban ma tambayi abin da aka sa masa ba. Yaya ya ɗora mini shi a cinya ya ce, "Ga takwaranka."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Ya ce ranar da aka haife shi ya je wurin Baffa ya ce sunana yake so a yi wa yaron huɗuba da shi. Baffa ya tuna masa cewa mutumin nan fa bai ba shi haƙuri ba, ya ce ya je ya kwana da maganar. Kullum sai Baffa ya sake tambayarsa, har safiyar suna, Yaya yana ce masa ƙanensa ɗaya ne a duniya, ko ya zo ko bai zo ba. Sannan Baffa ya ce to, wannan kam ba garaje ba ne, ya ɗauki jaririn ya raɗa masa. Amma ya roƙi kowa kada a gaya mini. Ya ce ba ya so kunyar takwara ta jawo ni, a bar ni in zo da ƙafata in ji. Gari guda ya riƙe mini wannan maganar fiye da shekara, har da Gwaggo, wadda ko gishiri ta ara sai unguwa ta ji.

Yaron ya ɗaga kai ya dube ni, bai san ni ba, ya fashe da kuka. Na taya shi.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo maKa. Ya yi kuskure yana saurayi bai bari ya kwana ba, ya ƙare rayuwarsa yana tare hannun wasu kafin su yi irinsa. Ka yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ka yalwata masa makwancinsa, Ka sanyaya shi kamar yadda ya sanyaya tsakanin mutane, Ka haɗa shi da ɗan'uwansa da ya riƙe wa amana. Mu da ya bari, Ka ba mu ikon dubawa kafin mu ɗaga hannu, in kuma mun riga mun ɗaga, Ka ba mu saurin komawa.

Na zo da ƙafata, Baffa, kamar yadda ka ce. Da kwana uku na makara, ka yafe mini.